Arzikin Ƙasa da Rabon Mutum Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi daga Bakin Gulbin Kebbi

Duk ranar da rediyo ya sanar cewa tattalin arzikin Najeriya ya haɓaka da kashi kaza, ba a rasa wanda zai ɗaga kai a majalisa ya ce, "To mu ina namu?" Tambaya ce mai nauyi, kuma ta cancanci amsa. Na tattara irin tambayoyin da ɗalibai da manoma da 'yan kasuwa suka fi yi mini a Birnin Kebbi, na amsa su da abubuwan da muke gani a fadamarmu da kasuwanninmu.

Mene ne GDP ɗin da ake ta ambata, kuma mene ne rabon mutum ɗaya?

GDP shi ne kuɗin duk abin da aka samar a cikin ƙasa a shekara guda. Shinkafar fadamar Argungu tana ciki, albasar Aliero tana ciki, haka kifin Yauri, da ɗanyen man Neja Delta, da ɗinkin tela, da katin waya, da darasin da malamin firamare ya koyar. Ba a ƙirga abu sau biyu. Idan manomi ya sayar wa mai injin casa shanshera, shi kuma ya sarrafa ya sayar, abin da ake lissafa wa mai injin shi ne ƙarin darajar da aikinsa ya kawo kawai. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ke fitar da wannan lissafi duk bayan wata uku.

Rabon mutum ɗaya kuwa raba wannan jimilla ake yi da yawan jama'a, har da jariri da tsohuwa. Ba wanda ake miƙa wa kuɗin a hannu. Awo ne da ke nuna girman tuwon idan an kwatanta shi da yawan hannuwan da ke cikin akushi.

Malam, an ce arziki ya ƙaru, me ya sa tukunyata ba ta shaida ba?

Ɗauki gandu mai mutum 20 da ya noma buhu 100. Kowa na da buhu biyar. Baɗi Allah ya sa albarka aka samu buhu 103, amma an yi haihuwa, mutanen gidan sun zama 21. Rumbu ya ƙaru, rabon kowa ya ragu. Maigida bai yi ƙarya ba da ya ce an samu ƙari, uwargida ma ba ta yi ƙarya ba da ta ce hatsi bai kai ba.

Jama'ar Najeriya na ƙaruwa da kusan kashi 2.5 cikin ɗari a shekara. Saboda haka duk haɓakar da ba ta haura wannan ba, koma-baya ce ga mutum ɗaya. A 2016 tattalin arziki ya ragu da kashi 1.6. A 2017 ya ƙaru da ƙasa da kashi ɗaya, a 2018 da kusan kashi 2, a 2019 ya ɗan haura 2, sannan annobar korona ta sake dawo da shi baya a 2020. Shekara biyar a jere ke nan rabon mutum ɗaya yana raguwa, alhali a uku daga cikinsu ana sanar da cewa an samu ci gaba.

Sannan akwai batun rabo. Idan ƙarin ya fito ne daga bankuna da kamfanonin sadarwa a Legas, lissafin ƙasa zai ɗaga, amma mai tallan ƙuli-ƙuli a Bunza ba ta da hanyar da ruwan zai biyo ya iso gare ta.

Mene ne bambancin doguwar haɓaka da hawa da sauka?

Wanda ya tashi a bakin gulbi ya riga ya san amsar. Gulbin Kebbi yana cika a ƙarshen damina har ya malale fadama, da bazara kuma ya janye har yara su tsallaka a wasu wurare. Baƙon da ya zo a watan Satumba zai koma gida ya ce ya ga teku. Wanda ya zo a Afrilu zai ce ya ga rairayi. Tsohon masunci ne kaɗai zai gaya maka ko ruwan shekarun nan ya kai na zamanin ƙuruciyarsa, don shi ya ga cika da janyewa sau sittin.

Haka arzikin ƙasa yake. Hawa da sauka shi ne cika da janyewa na 'yan shekaru: farashin mai ya tashi ko ya faɗi, damina ta yi kyau ko fari ya zo, bankuna su saki bashi ko su riƙe. Doguwar haɓaka ita ce inda tsakiyar ruwan ke tafiya idan an duba shekara talatin ko hamsin. Amurka misali ce mai kyau. Fiye da shekara ɗari rabon mutum ɗaya a can yana ƙaruwa da kusan kashi 2 a shekara. Karayar da ta fara a 1929 ta jefa miliyoyin mutane cikin rashin aiki, amma bayan yaƙin duniya na biyu ƙasar ta koma kan layinta na da, ta ci gaba da tafiya.

Babban kuskuren da muka daɗe muna yi a ƙasar nan shi ne mu ga ambaliya mu ɗauka gulbin ne ya ƙara zurfi.

Kashi biyu ko uku a shekara, ai wannan bai taka kara ya karya ba?

Akwai ɗan lissafi mai sauƙi. Raba 70 da adadin haɓakar, za ka samu shekarun da abu zai yi kafin ya ninka. Kashi 1 a shekara, sai an yi shekara 70. Kashi 2, shekara 35. Kashi 7, shekara 10 kacal.

Ka duba abin da wannan ke nufi ga gida ɗaya. A ƙasar da rabon mutum ke ƙaruwa da kashi 1, jika zai tsufa kafin ya samu ninkin abin da kakansa ya samu. A mai kashi 7, yaron da aka yi wa suna bana zai ga an ninka sau biyu kafin ya yi aure. A 1960 abin da ɗan Koriya ta Kudu ke samu bai wuce na ɗan Gana da wani abin kirki ba. Yau Koriya ce ke ƙera wayoyin Samsung da motocin Hyundai. Sin ta kama irin wannan hanya daga 1978, kuma daga gona ta fara, lokacin da aka bar manoma su riƙa sayar da rarar amfaninsu da kansu.

Yaya tafiyar Najeriya ta kasance tun daga 'yancin kai?

A 1960 noma ne ƙashin bayan ƙasa. Gyaɗa da auduga daga Arewa, koko daga Yamma, manja daga Gabas. Layin dogo ya isa Ƙauran Namoda tun 1929 don kwasar amfanin gona, Gusau kuma ta zama garin auduga. An gano mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, amma bai zama sarki ba sai bayan yaƙin basasa.

A ƙarshen 1973 farashin gangar mai ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Kuɗi ya malalo. Aka yi ƙarin albashin Udoji har da ariyas, ma'aikata suka cika gari da babura da rediyo. A 1975 jiragen ruwa maƙare da siminti suka yi cincirindo a tashar Legas, aka rasa inda za a sauke. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, a daidai wannan lokaci ƙauyukanmu na fama da farin 1972 zuwa 1974. Birni na shagali, karkara na binne shanu.

Rabon mutum ɗaya ya kai ƙololuwa a wajen 1977. Daga farkon shekarun 1980 mai ya fara faɗuwa. Shagari ya kawo matakan tsuke bakin aljihu a 1982. Fari da ciwon bushiya na shanu suka haɗu a 1983 da 1984, mutane suka shiga layin sayen madara da sukari da sabulu. A 1986 gangar mai ta faɗo har ƙasa da dala 10 na ɗan lokaci, Babangida ya kawo shirin SAP na sake fasalin tattalin arziki, naira ta karye. Nairar da a 1980 take sayen kusan dala biyu. Shekarun 1990 kuwa tsayuwa aka yi wuri ɗaya.

Daga 2000 zuwa 2014 aka samu mafi tsawon lokacin haɓaka, kusan kashi 6 zuwa 7 a shekara. Mai ya yi tsada, an yafe wa ƙasa bashin dala biliyan 18 a 2005, bankuna 89 sun dunƙule sun koma 25, wayar salula ta shigo a 2001. Wani ɓangare na wannan haɓaka ta gaskiya ce. Dillalin albasa da a da sai ya hau mota ya je ya ji farashi, yanzu daga gindin bishiya yake kiran Onica. Duk da haka, sai a wajen ƙarshen shekarun 2000 ne rabon mutum ɗaya ya dawo inda yake a 1977. Kusan shekara talatin, tsara guda cur, aka yi ana cike ramin da aka faɗa.

Sai mai ya sake faɗuwa, daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a Janairun 2016.

Mu da ba mu haƙo mai a Kebbi, me ya haɗa mu da farashinsa?

Mai bai kai kashi ɗaya cikin goma na GDP ba yanzu, amma shi ke kawo mafi yawan dalar da ƙasa ke samu, kuma babban kaso na kuɗin gwamnati daga gare shi yake. Jihar Kebbi da ƙananan hukumominta 21 sun dogara ne da kason wata-wata daga asusun tarayya. Idan kason ya ragu, albashi ya yi jinkiri, mahauci zai yanka ɗan akuya maimakon sa, tela zai zauna yana gyangyaɗi, ɗan kwangila zai sallami leburori. Daga Abuja zuwa teburin mai shayi a Jega, mako kaɗan ne.

Akwai kuma wata illa da ta fi wannan ɓoyuwa, wadda ke zuwa lokacin da mai ke tsada. Dala ta yi yawa, naira ta yi ƙarfi, kayan waje su yi arha. Shinkafar Tailan ta fi ta Suru sauƙi a kasuwa, atamfar waje ta kayar da ta gida, matasa su ajiye fartanya su tafi birni. Masana na kiran wannan cutar Holan, don an lura da ita a can bayan sun gano iskar gas a 1959. Ita ta fara raunana gyaɗa da auduga, kafin rashin wuta da fasa-ƙwauri su ƙarasa masaƙu irin ta Gusau.

Ba dole ba ne mai ya yi wannan ɓarna. Indonesiya ma ta samu kuɗin mai a shekarun 1970, amma ta zuba kaso mai tsoka a madatsun ruwa da taki da iri da hanyoyin karkara. A 1984, shekarar da muke layin madara, ita ta kai ga ciyar da kanta da shinkafa.

A 2014 an ce mun zama na ɗaya a Afirka dare ɗaya. Yaya aka yi?

Awon aka sabunta. Ana ta lissafi ne da tsarin 1990, lokacin da babu salula kuma harkar fim ba ta girma ba. Da aka koma tsarin 2010, sai jimillar 2013 ta fito kusan dala biliyan 510, ta wuce ta Afirka ta Kudu. Kamar mutum ne ya sake ƙirga garkensa ya tarar akwai shanun da ya manta. Ba a haifi ɗan maraƙi ko ɗaya a daren ba. An sake irin wannan sabuntawa a 2025.

Me ya sa idan an auna da dala ake ganin mun faɗi warwas?

A 2014 rabon mutum ɗaya ya haura dala 3,000. Shekara goma bayan haka bai kai rabin wannan ba. Mafi yawan faɗuwar daga canji ta fito: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Buhunan da muka noma ba su ragu da rabi ba. Amma kada a raina lissafin dala, don taki da maganin feshi da injin ban-ruwa da maganin asibiti duk da ita ake shigo da su.

Shirin shinkafar Kebbi fa? Doguwar haɓaka ce ko ambaliya?

Duka biyun, kuma ya kamata mu rarrabe su da adalci.

A Nuwambar 2015 Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki. A ƙarshen 2016 shinkafar haɗin gwiwar Kebbi da Legas ta shiga kasuwa, a 2017 aka buɗe babban kamfanin casa a Argungu, a Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disambar 2020. Duk wanda ya bi hanyar Argungu a watan Maris na waɗannan shekaru ya ga abin da idonsa: fadama kore shar a tsakiyar rani, ƙarar injuna ta ko'ina, samari da a da suke tafiya ci-rani sun tsaya gida, tsaye cikin taɓo har gwiwa suna dashe. An yi aure, an rufa kwano, an je Makka.

Wani ɓangare na wannan ya zauna. Wanda ya koyi dashe a layi ba zai manta ba. Rijiyoyin da aka haƙa a fadama suna nan. Gonar da ke ba da amfani sau ɗaya ta koma sau biyu a shekara, kuma wannan shi ne ainihin abin da ake kira haɓaka: ƙasa ɗaya, mutum ɗaya, amfani ninki.

Wani ɓangaren kuwa aro ne. Tsadar shinkafa ta dogara da rufe iyaka, jarin kuma bashi ne mai rangwame wanda da yawa ba a biya ba, har shirin ya tsaya. Ambaliyar 2020 ta cinye gonaki masu yawa ana gab da girbi. Da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kama hanyar 1,000, kuma injin ban-ruwa ba ya jin lallashi. Na tsaya a gonar wani dattijo da ke auna fetur da gorar ruwa, yana kashe injin tun kafin ruwa ya kai kunyar ƙarshe. Ya ce mini, "Ɗana, yanzu shinkafar tana shan mai fiye da yadda take shan ruwa." Bayan an sassauta harajin shigo da abinci a 2024, farashin shanshera ya sauka, taki bai sauka ba.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne faifan sola da ake ƙara gani a bakin rijiyoyi. Wanda ya samu ya kafa, ya fita daga hannun gidan mai. Da an ba wannan rabin kulawar da aka ba dalar buhunan shinkafa da aka riƙa jerawa don nuni, da mun fi haka nisa.

Me ya sa albasa ke tsada bana, baɗi ta zube?

Wannan ƙaramin hawa da sauka ne da muke ƙerawa da hannunmu. Albasa ta yi kuɗi, kowa ya gani, kowa ya shuka. Da kaka ta zo sai kasuwar Aliero ta cika, ga shi ba ta jure ajiya, dole a sayar ko ta ruɓe. Waɗanda suka ƙone suka janye, baɗi ta yi ƙaranci, farashi ya tashi, a sake komawa. Kowa yana yanke shawara da farashin jiya, amfanin kuma sai bayan watanni yake fitowa. Haka 'yan kasuwa da bankuna ke yi a ƙasa baki ɗaya: lokacin daɗi kowa ya ci bashi ya faɗaɗa, lokacin tsoro kowa ya ƙanƙame a tare. Rumbun ajiya mai iska da zai riƙe albasa wata huɗu ya fi wa'azi amfani wajen rage wannan.

To me ke ɗaga doguwar haɓakar kanta?

Abu ɗaya ne: aikin yini guda na mutum ɗaya ya riƙa fitar da fiye da abin da yake fitarwa a da. Mai fartanya da mai garmar shanu da mai tarakta duk gumi suke yi, amma ba ɗaya suke girba ba. Kayan aiki na buƙatar jari, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jari kuma ba ya zama inda babu wuta, babu hanya, babu kotun da za ta ƙwato wa mutum haƙƙinsa.

Sai ilimi. Yarinyar da ta iya karanta takardar magani da lissafin ribar sana'arta tana ƙara wa gida abin da ba ya faɗuwa da farashin mai. Jihohinmu na cikin waɗanda suka fi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, kuma wannan rami ne da za a ji zurfinsa shekara ashirin nan gaba.

Tsaro kuwa shi ne ƙasan komai. A Zamfara da yankin Zuru akwai gonakin da shekaru ba a taka ba, akwai garuruwan da sai an biya 'yan bindiga kafin a yi girbi. Wanda aka kore wa shanun huɗa an mayar da shi zamanin fartanya. Wanda ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, jarin 'ya'yansa ne ya tafi. Irin wannan asara ba ta cikin abin da ke janyewa ya dawo da kansa.

Kana nufin yawan haihuwa ne matsalarmu?

Kowane yaro da baki ɗaya yake zuwa da hannu biyu. Abin dubawa shi ne me aka damƙa wa hannuwan. A ƙidayar 1963 mun kai miliyan 55, a 2006 miliyan 140, yau mun haura miliyan 200. Idan aji da asibiti da gonar ban-ruwa ba su ƙaru da irin wannan sauri ba, rabon kowa zai ragu. Ƙasashen Asiya sun ci ribar yawan matasansu ne don sun karantar da su, sun kuma samar musu da masana'antu.

Gwamnati za ta iya hana hawa da sauka?

Hanawa ɗungurungum, a'a. Rage zafinsa, ƙwarai. Dabarar tana cikin ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam: shekara bakwai na yalwa, a bar hatsi a zangarniyarsa, a ci kaɗan, don bakwai na tsanani na tafe. Norwe ta kafa asusun ajiyar kuɗin mai a 1990, yau yana cikin mafi girma a duniya. Mu ma mun buɗe asusun rarar mai a 2004, ya tara kusan dala biliyan 20, kuma shi ya tare mana guguwar karayar tattalin arzikin duniya ta 2008. Bayan nan aka yi ta rabawa tsakanin tarayya da jihohi alhali mai na sama da dala 100. Da 2014 ta zo, abin da ya rage a rumbun bai kai ya riƙe ƙasa ba.

Ni da ba ni da alƙaluman hukuma, yaya zan gane ko ana gaba ko baya?

Ka samu ɗan littafi. Sau biyu a shekara, da kaka da kuma tsakiyar damina, ka rubuta kuɗin ƙwadagon yini guda a garinku, ka rubuta kuɗin mudun gero a ranar kasuwa. Raba na farko da na biyu, ka ga mudu nawa yinin lebura ke saye. Kada ka kwatanta kaka da damina, ka kwatanta kaka da kaka. Manomi ya ƙara layi ɗaya: buhu nawa na shanshera ke sayen buhun taki guda. Shekara ɗaya ko biyu ba za su gaya maka komai ba, don cika da janyewa kawai za ka gani. Daga shekara ta bakwai ko ta takwas lambobin za su fara nuna inda suka dosa. Idan akwai dattijo a gidanku da ke tuna kuɗin ƙwadago da na mudu a zamanin Shagari, ka zauna da shi ka rubuta nasa a shafin farko.